Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Sashen Babura Na Kamfanin BMW

Ranka ya daɗe,

Na san wasiƙa da Hausa ba ta saba sauka a teburinka a birnin Munik ba, amma sunan kamfaninka ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A gasar tsere daga Paris zuwa Dakar, wadda ta sha keta hamadar Tenere tana yada zango a Agadas, baburanku sun yi zarra: Hubert Auriol ya lashe ta a 1981 da 1983, Gaston Rahier ya karɓa a 1984 da 1985. Tun daga lokacin, duk mai sha'awar babban babur a wannan yanki ya ɗauki tambarinku a matsayin shaidar aminci. A kan wannan amincin nake so mu yi magana, kuma maganar birki ce.

Zan fara da ba ku haƙƙinku. Ku ne kuka fara sanya wa babur na'urar ABS a 1988, a kan K100, na'urar da ke hana taya kullewa ta ja ƙasa idan mahayi ya danne birki a firgice. Allah kaɗai ya san yawan mutanen da suka koma gida da ƙafafunsu saboda ita. Sai da aka kai 2016 kafin Tarayyar Turai ta fara wajabta ta a kan sababbin samfuran babura masu injin da ya wuce cc 125. Kun riga doka da kusan shekara talatin.

Inda aka samu tangarɗa shi ne tsarin da kuka fara sanyawa a baburan 2001, wanda kuka kira Integral ABS, kamfanin FTE na Jamus ya ƙera muku. Ya hau kan R1150RT da K1200LT da K1200RS da R1150GS, har ya riski R1200GS na farko da ya fito a 2004. A birkin babur da kowa ya sani, hannunka ne ke tura mai ta cikin tiyo har ya matse faifan taya. Gwargwadon matsarka, gwargwadon cin birkin. A wannan tsarin kuwa kun raba hanyar gida biyu. Hannun mahayi yana kai saƙo ne ga wani akwati, wanda a yawancin samfuran yake ƙarƙashin tanki, sai famfunan lantarki da ke cikinsa su tashi su tura man da zai matse taya. Wato ƙarfin da ke tsayar da babur ɗin ya koma hannun batir.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan babur ya san yadda safiyarsa ke farawa. Mai shi zai murɗa makulli, ya janye hannu da ƙafa daga birki, domin idan ya taɓa shi kafin na'urar ta gama binciken kanta, ba za ta kammala ba. Jar fitila na ƙyaftawa da sauri a gabansa, sau huɗu a daƙiƙa. Ya jira. Ta koma ƙyaftawa a hankali, sau ɗaya a daƙiƙa. Sai ya ja hannun birki, ka ji famfon ya yi wani siririn kuka kamar na injin aski. Ya ta da inji, ya gangara kaɗan, fitilar ta ɗauke. Daga nan yatsa biyu sun isa su tsayar da K1200LT mai nauyin kusan kilo 380 kamar an dafe shi daga baya. Da yawa daga masu shi sun yi shekaru suna yabonsa, har yau ma akwai waɗanda ba su taɓa ganin laifinsa ba, kuma ban ƙaryata su ba.

Ranar da famfon ya ƙi tashi fa? Littafin da kuke bayarwa tare da babur ya ce akwai abin da ya rage, kuka sa masa suna ragowar birki. Gaskiya ne akwai shi, amma sai an ja hannun birkin ya yi nisa fiye da yadda aka saba, an kuma matsa da ƙarfin da ya ninka na kullum. Direbobin mota sun san ɗanɗanon wannan: idan inji ya mutu a gangara, feda takan sandare, sai ka miƙe a kanta. Shi direba yana da kujera a bayansa da tayoyi huɗu a ƙasa. Mai babur kuwa hannunsa ya riga ya haddace yatsa biyu. Ka ƙaddara yana tafe da matarsa a baya, babbar mota ta tsaya cak a gabansa, ya taɓa birki kamar yadda ya yi sau dubu, bai ji kukan nan ba, babur ɗin bai rage gudu ba. Kafin ƙwaƙwalwarsa ta gaya masa ya damƙe da duka yatsun, daƙiƙa ɗaya ta wuce, kuma mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Masu baburan da abin ya faɗa wa, kusan bakinsu ɗaya: ji suka yi kamar babu birki sam. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe, kuma bayan tirela ba wurin koyon sabon salon matsa birki ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙanƙantar abubuwan da ke iya jawo haka. Batir ya yi sanyi. Ɗan makunnin fitilar birki ya maƙale, na'urar ta ɗauka an riƙe birki, ta ƙi kammala bincikenta. Tsohon tiyon roba ya fara marmashewa daga ciki, dattin ya tafi ya taru a cikin akwatin. Man birki ya sha danshi saboda ba a canza shi a kan kari ba. Canjin man nan kuwa babban aiki ne: hanyoyin mai huɗu ne, biyu na hannu da ƙafa, biyu na tayoyi, sai an sauke tanki, sai da mazurari na musamman, sai an bi noke-noken fitar da iska bi da bi. Ko tura babur ɗin daga zaure zuwa ƙofar gida ba tare da an kunna makulli ba, da ragowar birkin nan ake yi.

A 2005 maganar ta fito fili a jaridu da talabijin na Jamus, bayan rahotannin mahaya da birki ya ba su kunya, wasu a filin koyon tuƙi. Kamfaninku ya ce abin na faruwa ne a yanayi na musamman, idan an yi ta danne birki da ƙarfi a jere har wutar batir ta ja baya, sannan kuka gayyaci masu baburan su kawo a duba musu kyauta. Shekara guda bayan haka, a 2006, kuka fito da sabon Integral ABS tare da kamfanin Continental Teves, kuka mayar wa hannun mahayi ƙarfinsa: ko lantarki ya ɗauke, birki na nan yana ci kamar na kowane babur. Wannan gyara ne mai kyau, kuma ni a wurina ya isa amsa ga duk mai cewa tsohon tsarin ba shi da aibu. Sai dai wanda ya sayi sabo ne kaɗai ya amfana. Dubban da ke kan hanya aka bar su da abin da suka saya.

Ko kafin 2005 an ga alama. A tafiyar da Ewan McGregor da Charley Boorman suka yi a 2004 daga Landan zuwa New York ta gabas, wadda aka nuna a shirin Long Way Round, ƙashin babur ɗin mai ɗaukar musu hoto, Claudio von Planta, ya tsage a Mongoliya. Aka yi masa walda, wutar waldar ta lalata na'urar birkin, dole aka ɗora babur ɗin a mota, shi kuma aka saya masa wani ɗan jan babur ƙirar Rasha ya ci gaba da tafiya. Walda fa. Abin da kowane bakanike daga Kano zuwa Maraɗi zai fara kawowa idan ƙarfe ya tsage ke nan. Babur ɗin da kuka tallata a matsayin na zaga duniya bai jure gyaran da akasarin duniya ke yi ba.

Yau mafi ƙuruciya a cikin baburan nan ya doshi shekara ashirin. Injinsu bai gaji ba, abin da kuka ƙware a kai ke nan, don haka suna ta sauya hannu, daga na biyu zuwa na uku zuwa na huɗu, farashinsu na sauka, suna gangarowa ƙasashen da kayan hannu na Turai ke ƙarewa. Mai saye na huɗu bai ga littafin ba, ba ya jin Jamusanci, garinsu babu wakilinku, babu kwamfutar da za ta karanta masa abin da ke damun akwatin. Jar fitila na ƙyaftawa, mai sayarwa ya ce masa waya ce kawai ta saki. Idan akwatin ya mutu, kuɗin sabo yakan kusanci kuɗin babur ɗin ɗungurungum.

Shi ya sa masu su, a Turai da Amurka ma, suka koma cire na'urar da kansu, har sun laƙaba wa aikin suna irin na tiyata. Su haɗa tiyo kai tsaye daga hannu zuwa taya, birki ya dawo na gargajiya. Da yawa sun ce sun samu kwanciyar hankali. Amma sun rasa ABS gaba ɗaya, sannan fitilar birki ta baya ta cikin akwatin nan take samun umarni, a wasu samfuran har da mitar gudu, sai an yi dabarar waya kafin su dawo aiki. A Jamus, taɓa birki haka ba tare da amincewar masu binciken ababen hawa ba na iya soke izinin babur ɗin na hawa titi. A wuraren da babu mai bincike kuwa, rayuwar mutum ta rataya ga iyawar wanda ya riƙe sifana. Wasu ƙananan kamfanoni sun shiga gyaran akwatin da sayar da kayan maye gurbinsa, abin da ke nuna aikin mai yiwuwa ne. Ina kamfanin da ya zana tsarin tun farko?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Roƙona gare ka shi ne ku fitar da kayan sauya tsarin nan zuwa birki na kai tsaye, da tambarinku da amincewar hukuma, a farashin da mai tsohon babur zai iya biya, tare da zanen tiyo da na waya a buɗe ga kowane bakanike, ba wakilanku kaɗai ba. Ku kuma wallafa gargaɗi a fili, da harsuna masu yawa da hotuna, mai faɗin samfuran da abin ya shafa da shekarunsu, da ma'anar ƙyaftawar fitilar nan, da cewa wanda ya ga tana sauri kada ya hau titi. Kamfanin da ke ƙera babura tun 1923 ba zai rasa injiniyoyin da za su yi wannan cikin 'yan watanni ba.

Baburan suna nan suna yawo, ranka ya daɗe, kowanne da mutum a kansa, wani har da goyo. Don Allah a duba lamarinsu tun famfon da ya rage yana tashi.

Ka huta lafiya.