ZANCEN WATA: Zangon Masu Keke

 Zancenmu na wannan wata a kan keke ne, ko kuwa in ce a kan motar da ta ɗauko keken. Na san wani zai ce me ya haɗa malamin allo da wannan magana. To, likita ne ya haɗa mu. Ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya ce kuma zaman buzu tun daga asuba har azahar ba zai saukar da shi ba. Ba ni kaɗai ba ne kuwa, don masu tuƙin tasi da masu zaman kanti da yawa cikinmu an faɗa musu haka nan garin Greensboro. Sabo da haka na sayi wani tsohon keke na hannu, na shiga ayarin samarinmu da ke fita ran Lahadi.

Ran da na fara fita, a unguwar Irving Park muka yi mahaɗa, ƙofar gidan wani ɗan'uwanmu. Wanda bai san unguwar ba, ta attajirai ce, an kafa ta yau shekara ɗari da 'yan kai kewaye da filin wasan nan na sanda da ƙwallo da su ke kira golf. Manyan itatuwa, tituna masu lanƙwasa, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Muka taru da mota 5, ko wace da kekuna a bayanta, muna gaishe-gaishe irin namu da murya sama. Mai gida bai ce kome ba, amma na ga yana ta duban tagogin maƙwabta. A nan na gane ƙofar gidan mutum ba zango ba ce. Muka tashi, ko wa ya nemi inda zai ajiye motarsa. Ni da wayona sai na ga wani fili fetal gaban wani kanti da ba a buɗe ba tukuna, na ce ai ga sauƙi. Akwai allo a jikin turke, ban karanta ba. Da muka komo bayan sa'a 3, ba mota ba dalilinta, janwe ta zo ta ja ta. Kuɗin da na biya kafin in fanso ta sun fi kuɗin keken. Ba laifin kowa ba ne sai nawa, mutumin da kullum ya ke ce wa yara su dubi allo.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne mu jikokin fatake ne. Kakannimmu da su ke tasowa daga Kano su bi ta Borgu su nufi Salaga neman goro ba su sauka inda suka ga dama. Madugu ya kan tura jagaba gaba ya dubo inda ruwa ya ke, da inda jakuna za su yi kiwo, da ko mai ƙasa ya yarda a sauka. Sai an gama wannan a ke kwance kaya. Sunan nan zango da mu ke alfahari da shi, daga Kumasi har nan Amurka, asalinsa ke nan, watau masaukin ayari. Ashe Turawan nan ma suna da nasu zanguna a bakin hanyoyin keke, da fili a shate don motoci, da taswira a kafe. Rashin tambaya ne ya hana mu sani.

Wata hanya da ke kusa da Irving Park sunanta Atlantic and Yadkin Greenway. Zan rubuta sunaye yadda su ke a jikin alluna, gama na rubuta su da ajami cikin littafina, da na zo neman su a bakin titi sai karatun ya ƙi haɗuwa. Hanyar nan dā layin dogo ne, jirgin ƙasa ya kan bi ta daga Sanford ya ratsa Greensboro ya tafi Mount Airy, garin da a ke fasa dutse. Kamfanin ya ci wannan suna daga 1899 zuwa 1950, sa'an nan wani babban kamfani ya haɗiye shi. Daga baya aka cire ƙarafan aka zuba kwalta. Sabo da jirgi ba ya son hawa da gangara, yawancin hanyar a miƙe ta ke, dattijo ma zai iya. Daga titin Markland Drive zuwa Summerfield wajen mil 7 da rabi ne.

Kada wani ya raina mil 7 da rabi. Da fari dai zuwa da komowa mil 15 ne, kuma komowa ta fi nisa ga mai gwiwa irin tawa. Na biyu, bakin wata doguwar hanya ce. A wajen tafkin Lake Brandt ta gamu da wadda a ke kira Mountains-to-Sea Trail, wadda ta taso daga duwatsun yamma kan iyakar Tennessee ta tafi har bakin teku a Jockey's Ridge, kamar mil 1,175, ta ratsa jihar Karolina ta Arewa kaf. Alamarta farin ɗigo ne a jikin itace. Amma a lura, yawancinta ta masu ƙafa ce, ba ko ina a ke barin keke ya shiga ba. Ko nan bakin tafki, 'yar hanyar Nat Greene ta masu ƙafa ce kaɗai, ta Owl's Roost kuwa an yarda da keke, amma saiwoyi ne da kwazazzabai, wannan sai samari.

To, ga yadda a ke zuwa. In ka taso daga Irving Park, bi Cornwallis Drive ka yi yamma har ka iske Lawndale Drive, ka juya dama ka nufi arewa. In ka kai Pisgah Church Road ka juya hagu, ka riƙa duban dama, za ka ga allon Jaycee Park da Lewis Recreation Center. Fili ne mai faɗi, ba a biyan ko kwabo, hanyar keke kuwa tana nan kusa. Wannan shi ne zangon da na zaɓa wa masu koyo. Makabarta na gefe, wanda ya wuce ya rage surutu.

Daga nan in ka yi arewa kaɗan za ka shiga fagen yaƙin Guilford Courthouse. Ran 15 ga Maris 1781 aka gwabza a wurin tsakanin sojan Ingila ƙarƙashin Cornwallis da na Amurka ƙarƙashin Nathanael Greene. Ingilishi suka ci fagen, amma suka yi asarar wajen rubu'in mutanensu, watanni 7 bayan haka Cornwallis ya miƙa wuya a Yorktown. Garin nan sunan Greene ya ci, shi kuwa Cornwallis aka ba shi titi, wanda ka biyo yanzu. Wurin yana da filin mota, amma na Gwamnatin Tarayya ne, yana da nasa sa'o'i da nasa ƙofofi. Wanda zai yi nisa kada ya bar motarsa ciki sai ya karanta lokacin rufewa ya tabbata zai komo kafin nan.

Zango na biyu, wanda ni na fi so, shi ne Bur-Mil Park. Ka bi Battleground Avenue, watau babbar hanya mai lamba 220, ka yi ta arewa har Owls Roost Road, ka juya dama, sa'an nan hagu a Bur-Mil Club Road. Dā wurin hutawar ma'aikatan masaƙar Burlington Mills ne, daga nan sunan ya fito, yanzu yana hannun hukumar gundumar Guilford. Akwai ruwa, akwai bayan gida, akwai inuwa, ga gadar da ta ƙetare tafki kusa. Da jagaba zai dubo, nan zai ce a sauka. A mota bai fi minti 20 ba daga Irving Park.

Saura magana da 'yan kasuwa musamman, don ku ne ke yawo da kanti cikin mota. Zangon keke wuri ne da kowa ya san mai mota ya yi nisa, ba zai komo ba sai bayan sa'o'i. Jakar kuɗi, da wayar hannu, da turamen atamfa a kujerar baya, duk kiran ɓarawo ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. A bar kaya a gida. Abin da ya zama dole a sa shi but tun kafin a taso, ba a zo zango ana jidar kaya idon mutane ba. Kuma a haɗu a mota 2 maimakon 5, don fili na jama'a ne, ba mu kaɗai ke zuwa ba.

Wanda zai zo da yaro ya sani dokar jihar nan ta ce duk wanda bai kai shekara 16 ba sai da hular kwano. Ni ina ganin kan dattijo ma bai fi na yaro ƙarfi ba, rawani kuwa ba ya tare kwalta. A kan hanya a riƙe dama, in za a wuce mai tafiya a buga ƙararrawa. A ɗauki famfo da kayan faci da gorar ruwa. Da hunturu rana kan faɗi nan da misalin ƙarfe 5, itatuwa kuma su kan sa duhu ya riga lokacinsa, sabo da haka a juya tun la'asar da sauranta.

Ran Lahadin farko ta watan gobe, in Allah ya kai mu, mahaɗa a filin Lewis Recreation Center ƙarfe 9 na safe, ba ƙofar gidan kowa ba. Mai mota da ƙarfen ɗaura keke ya gaya wa magatakardan ƙungiya, don akwai dattawa 3 da ke da keke ba su da abin ɗauka.