Labarin Dattawan Makaranta Kafin Sanarwar Rasuwa

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wato haɗakar mutanen da suka yi karatu a makaranta ɗaya suka kuma ɗauki alkawarin riƙe zumuncin da ya haɗa su tun suna yara, tana da tushe mai zurfi a Zariya, domin garin ya daɗe da zama matattarar makarantun da suka yaye manyan Arewa. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan ta tare a Zariya a 1949, ta yaye Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa, ban da Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari waɗanda suka gama kafin ta iso garin. A cikin birni kuwa akwai Kwalejin Alhudahuda, wadda ta samo asali daga Midil ta Zariya, wato makarantar da ke tsakanin elementare da kwaleji a zamanin En'e. Marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ya yi Midil ɗin a farkon shekarun 1950, tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo kuma ya yi karatu a can daga 1967 zuwa 1971, lokacin da ake kiranta Sakandaren Gwamnati.

Wanda ya shiga Barewa a shekarar da ta sauka Zariya ya kai casa'in ko ya kusa, waɗanda suka bar Alhudahuda a farkon shekarun 1970 kuma sun haye saba'in. Abin takaici shi ne, labarin da abokan karatunsu suka fi samu a kansu shi ne na ƙarshe, wato saƙon da ke faɗowa a zauren WhatsApp na aji da asuba, ɗauke da sunan mamaci da lokacin jana'iza da unguwar da za a yi zaman makoki. A wurin zaman makokin, a kan tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar wani gida a Kwarbai ko Limancin Kona, nan ne dattawa ke jingine sandunansu su shiga tambayar juna, wani ya ce ina wane, a ce masa ai ya shekara biyu a kwance, alhali tsakanin gidan mai tambaya da na wanda ake tambaya bai wuce tafiyar Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo ba.

Ƙungiyoyin nan suna ayyukan da suka cancanci yabo, kamar gyaran ajujuwa da haƙa rijiyar burtsatse da biya wa marayu kuɗin jarrabawa, amma hankalinsu a taron shekara ya fi karkata ga wanda ya zama minista ko janar ko babban sakatare, shi ake kira a miƙa wa lambar girma. Mafi yawan waɗanda makarantun suka yaye kuwa malaman makaranta suka zama, da akawuna da malaman asibiti da malaman gona da ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma labarinsu a yau bai wuce na jiran fansho ba, da zuwa tantancewa, wato kiran da ake yi wa ɗan fansho ya bayyana da kansa don a tabbatar yana raye, da hawan jini da yanar ido, da rashin matar da suka shekara hamsin tare, da 'ya'yan da aiki ya kai Abuja ko Legas. Dattijon Bazazzage ba ya kai kukansa da kansa, domin kunya da kawaici sun hana, in an tambaye shi jiki ta waya zai ce da sauƙi ko da bai iya tashi alwala sai an riƙe shi. Saboda haka shirunsa ba ya nuna lafiya, kuma ba a gane halin da yake ciki sai an taka an shiga zaurensa an zauna. Gaida mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin da addini ya ɗora wa Musulmi a kan ɗan'uwansa, daidai da raka gawarsa, kuma bai dace ƙungiya ta ƙware a na biyun ta yi sakaci da na farkon ba.

Akwai kuma asarar da ta shafi al'umma baki ɗaya. Manya sun bar tarihinsu a rubuce: Sardauna ya fitar da nasa a 1962, Shagari a 2001, na Abubakar Imam kuma an buga shi a Zariya bayan rasuwarsa. Amma a ƙasar Zazzau ɗin nan aka nuna wa duniya darajar labarin mutumin da ba shi da sarauta ko muƙami, lokacin da Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954, har yau kuma masu nazarin rayuwar Hausawa ba sa iya tsallake shi. Kowane tsohon ɗan Midil yana ɗauke da irin wannan kaya. Shi ya san yadda iyaye a birnin malamai suka riƙa ɗari-ɗari da boko, da yadda yaro ke haɗa allo da asuba da aji da hantsi, da yadda aka rarraba ma'aikatan Jihar Arewa bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, da yadda aka yi karatu a shekarun yaƙin basasa, da yadda ikon En'e ya koma hannun ƙananan hukumomi a 1976. Fayilolin gwamnati sun adana umarnin da aka bayar, amma yadda umarnin ya sauka a kan mutane yana cikin ƙirjin waɗannan dattawa.

Akwai misalin yadda za a adana irin wannan labari: a Jami'ar Harvard ta Amurka, kowane aji yakan fitar da littafi duk bayan shekara biyar, inda ɗan ajin ke rubuta halin da yake ciki da alƙalaminsa. Wani zai ce irin wannan a wurin Bahaushe zai zama ko dai fahariya ko tonon asiri, kuma tsoron yana da hujja. Maganinsa shi ne a raba labari gida biyu: abin da dattijo ya yarda a rubuta, kamar aikin da ya yi da garuruwan da ya zauna da malaman da suka tarbiyyantar da shi, a buga shi da Hausa a raba wa 'yan aji, abin da ya shafi ciwo ko rashi kuma ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku amintattu da za su kai taimako a asirce. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, domin jikoki da ɗaliban da ke makarantar yanzu suna iya ɗaukar murya da wayar hannu, a ajiye kwafi a ɗakin karatun makarantar, a kai wani kwafin zuwa Gidan Arewa da ke Kaduna ko Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. A makarantun da suka yaye mata kuwa, tsofaffin ɗalibai mata sun fi wuyar samu, tun da aure ya kai su wasu garuruwa ya kuma sauya sunayen da aka san su da su a rajista, don haka nemansu yana bukatar mata a cikin masu aikin. Wajibi ne kuma a fara da ajujuwan shekarun 1940 da 1950, waɗanda 'yan kaɗan ne suka rage a cikinsu, tun suna iya zama su yi magana da tsawo.