Kowa na dasa itace, wa ke komawa ya duba?

Jiya a gidanmu aka yi ta yi wa ƙanwata dariya, don ta ce za ta zurfafa karatu a fannin gandun daji, ta binciki yadda itatuwa ke jure sauyin yanayi. Wani kawunmu har da cewa, "Ke yanzu itace za ki karanta? Ai mai gatari ya fi ki saninsa." Na yi shiru saboda girmansa, amma maganar ta tsaya min a rai.

Jama'a, duk damina sai a fito da manya, a miƙa musu shebur, a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Don Allah ku koma wurin a watan Afrilu ku ƙirga abin da ya rage. Tun 2007 ake batun katangar itatuwa ta Afirka don tare hamada, jihohi 11 na Arewa suna ciki. Tambayata ɗaya ce: irin da ake rabawa, daga ina aka ɗebo shi? Gawon da ya tashi a Damagaram, inda ruwa ke ƙaranci, ba lallai juriyarsa ta zo ɗaya da na Zariya ba, ko da yake duk gawo ne. Wannan kuwa ba a gane shi da ka. Sai an tattaro iri daga wurare daban-daban, a shuka su a fili guda, a riƙa auna tsawo da kauri, a rubuta wanne ya mutu, a wace shekara, bayan wane fari. Shekara goma, ashirin. Mai binciken ya fara da ƙuruciya, amsa ta zo masa da furfura.

To wa zai ɗauki nauyin irin wannan aiki? Mai mulki shekara 4 gare shi, yana son abin da zai yanke wa ƙyalle kafin zaɓe. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa tana can Ibadan, mu da hamada ke bakin ƙofarmu kuma muna hana yaranmu shiga fannin, wai ba kuɗi.

Gaskiyar kawu ɗaya ce: manoma sun san itace. A Maraɗi, tun wajen 1983, kututturen da ke toho a gona suka riƙa renowa, har ƙasa ta farfaɗo. Amma zafin da jikokinsu za su tarar daban ne da wanda suka sani, dole wani ya zauna ya auna.

Ƙanwata dai ta cike fom ɗin yau da safe. Ni na biya kuɗin.