Filin Mata: Wanne Ne Ibada, Wanne Ne Al'ada?

Yau zancenmu a kan abubuwa biyu ne da muke cuɗanyawa har mu kasa rabe su, watau ibadar da Allah ya ɗora mana da ladabin da muka gada daga iyaye.

Ku duba nan Unguwar Boro, inda kabilu suka taru. Bahaushiya takan durƙusa ta gai da surukarta. Yaron Bayarabe kuwa kwanciya yake yi rub da ciki gaban ubansa. Kowa da irin gaisuwarsa. Amma in an kira Magariba, Musulminsu duka raka'a uku za su yi, daidai da mutumin Makka. To, ga ma'auni nan. Al'ada tana sakewa daga gari zuwa gari, ibada kuwa ba ta sakewa. Malamai sun ce ibada ba a yin ta sai da umarnin Allah da Manzonsa, al'ada kuwa halal ce sai in ta saɓa wa shari'a.

Girmama iyaye da miji wajibi ne, amma yadda za a nuna girman, yawancinsa al'ada ne. Ɓoye sunan miji da kunyar ɗan fari ba su cikin farilla. Durƙuso kuwa malamai sun saɓa a kansa, sai dai duk sun haɗu a kan cewa goshi ba ya taɓa ƙasa don wani mahaluki. Da Mu'azu ɗan Jabal ya komo daga Sham ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sujada, hana shi aka yi. Shehu Usman Ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, shi ma ya soki afi, watau zuba ƙasa a ka gaban sarakuna.

Inda abin ya fi cutar mu mata shi ne wajen biƙi. Mata da yawa sun ɗauka mai jego ba ta salla sai ta yi arba'in. Ina! Wankan jego da kunun kanwa al'ada ne. A mazhabar Malikiyya, ran da jinin biƙi ya ɗauke, ko da kwana goma ne, ran nan za ta yi wankan tsarki ta kama salla. In kuwa ya zarce, iyakarsa kwana 60. Wadda ta tsarkaka ta zauna jiran arba'in, bashin salloli ta ɗauka wa kanta.

Haka takaba. Allah ya yanka mata wata huɗu da kwana goma cikin Suratul Baƙara, mai ciki kuwa sai ta haihu. Za ta bar ado da turare, ta zauna gidan mijinta. Amma riƙe wuƙa, da ƙin wanka sai ran Juma'a, mutane ne suka ƙara.

Kada wata ta ce na koya mata raina manya. Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata cikin ladabi, ba da tsiwa ba. Ke 'yar makaranta, in kakarki ta ce abu kaza addini ne, ki saurara, sa'an nan ki tambayi malami inda aka samo shi.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.