Filin Wasanni: Sandar Tonfa Da Hannun Masassaƙin Itas

Mutanen Itas da kewayenta, a ƙasar Katagum, ba baƙin sanda ba ne. Makiyayin da ke gangarawa da shanunsa bakin kogin Jama'are ya san gorar da za ta yi shekaru a hannunsa, kuma samarin Fulani masu shaɗi ba sa shiga fage sai sun zaɓi tsumagiyar tsamiya, sun gyara ta sosai. To, wannan sani shi ne ya kamata matasa masu koyon wasan kare kai irin na Japan su nema, musamman idan suka kai ga sandar da ake kira tonfa.

Ita dai tonfa an fi saninta a tsibirin Okinawa, wanda Japan ta haɗe da ƙasarta a 1879, can inda wasan karate ya fito. Gajeriyar sanda ce mai tsawon inci 15 zuwa 20, da mariƙi a gicciye kusa da kai, kuma biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu. Ana cewa daga mariƙin dutsen niƙa aka samo ta, ko da yake masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba. Daga shekarun 1970 'yan sandan Amurka suka ɗauki siffarta suka yi kulki da ita.

Abu na farko shi ne awo, kuma a jikin mai ita ake yinsa, ba a jikin malaminsa ba. Idan ya damƙe mariƙin, sandar ta kwanta a ƙarƙashin hannunsa, tilas ne ta wuce gwiwar hannu da kamar inci ɗaya. In ta gaza, bugun da aka tare a kan ƙashi zai sauka. In kuwa ta zarce, za ta riƙa harɗe riga da haƙarƙari wajen juyawa. Doguwa dai tana da magani, wato zarto. Gajeriya kuwa sai a bar wa ƙane.

Sai itace. A Okinawa da itacen ok ake yinta, amma ba sai an je nesa ba. Marke, wanda ake ƙota da shi, yana da tauri da jimiri. Ƙirya ta fi shi nauyi, saboda haka ba ta dace da sabon shiga ba, don za ta gajiyar da wuyan hannu kafin ya iya komai. Farin katakon silin kuwa kada ma a fara, domin tsagewa yake yi, kuma tsagin kan iya samun idon abokin wasa. Abin takaici, masu gawayi sun sa samun marke mai kauri ya fara wuya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen haɗa mariƙi. Wasu kafintoci kan buga ƙusa kawai su miƙo, alhali kuwa nan ne duk ƙarfin bugu ke taruwa. Abin da ya dace shi ne a huda jikin sandar, a zura mariƙin ya zauna daram, a sa masa manne, sa'an nan a tokare shi da 'yar tsinkiyar itace. Kuma lalle itacen ya zama busasshe. Wanda aka sassaƙa ɗanye da damina, da zarar hunturu ya kama sai ya tsuke, mariƙi ya fara lilo, wata rana sandar ta fice ta tafi inda ba a aike ta ba.

Mariƙin ya yi daidai da faɗin tafin hannu, da ɗan ƙulli a samansa don kada ya suɓuce. Ba a shafa masa fenti, gama gumi kan sa ya riƙa kama fata, ya hana juyawa, ya kawo kanta. A goge shi da samfefa, a ɗan shafa mai, kamar yadda makiyayi ke wa sandarsa da man shanu. Daga nan sai a ɗora biyun a kan sikelin mai kanti, a kankare wadda ta rinjaya har su zo daidai.