Ku daina sakar wa otofailot jirginku

1/ Masu buga EVE Online a Kaduna, ku matso. Duk wanda bai iya tuƙa jirginsa da hannu ba, wallahi fasinja ne kawai.

2/ Jiya na saka otofailot zuwa Jita, babbar kasuwar wasan, na fita siyo ƙosai a Unguwar Rimi. Kafin in dawo an tarwatsa jirgin a Uedama. Kayan da na tara sati 3, ga kuɗin data, duk sun bi iska.

3/ Laifina ne. Otofailot kilomita 10 yake ajiye ka daga ƙofa, ka yi ta rarrafe 'yan fashi na auna ka. Da hannu kuwa a bakin ƙofar za ka sauka, ka tsallake nan take.

4/ A faɗa ma haka ne. Danna sarari sau biyu, jirgi ya juya can. Kar ka tunkari abokin gaba kai tsaye, bi ta gefe, bindigoginsa su kasa saita ka.

5/ Za ku ce sabis yana yankewa. Gaskiya ne. Ranar da ba sabis, a bar jirgi a tasha. Wa ke sakin sitiyari a gadar Kawo?