RA'AYI: Tanda ta sayi motarta ta kanta



Bana bayan girbi na tsaya bakin hanya tun hantsi ina jiran abin hawa zuwa Gaya. Kusa da ni akwai wata dattijuwa da buhu biyu na dankali, da wani magidanci riƙe da yaro mai zazzaɓi. Mota ta zo cike maƙil, ta wuce. Wata ta tsaya, direba ya faɗi kuɗin kaya, dattijuwa ta yi lissafi da yatsunta, ta girgiza kai. Mai yaro dai ya hau kabu-kabu, don ciwo ba ya jira. Ita kuwa wani ɗan kasuwa ya same ta nan inda take zaune, ya saye dankalin bisa kuɗin da ya ga dama. Ba ta yi gardama ba. Ta san in ta ƙi, da kanta za ta maida shi gida.

Kowa cikinmu ya ga irin wanga abu, har mun daina ganin shi. Ra'ayina shi ne, mutanen Tanda su haɗa kuɗi su sayi abin hawa nasu na kansu, ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kai, wanda zai riƙa zuwa Gaya yana komowa kullum bisa lokaci sananne da kuɗi sananne. Na san akwai masu cewa an sha gwada irin wagga dabara ta watse. Da gaskiyarsu, kuma za mu zo kan wannan.

Mu fara da abin da Allah ya ba mu. Yankin Gaya shi ne ya fi kowane yanki na Nijar samun ruwan sama. Muna da shinkafa, da rake, da rogo, da dankali, da kifi, da muruci daga dajin giginya. Mafi yawan waɗanga kaya masu nauyi ne, wasu kuma ba su kwana biyu ba su lalace ba. Gero yana jira cikin rumbu har farashi ya tashi. Kifi ba ya jira, tumatir ba ya jira. Wanda ya noma abin da ba ya jira, kuma ba shi da abin ɗauka, to, mai mota ne ke yanka mishi farashi, ko da bai taɓa riƙa hauya ba.

Ba kaya kaɗai ke tafiya ba. Babbar likita tana Gaya. Ofisoshin hukuma suna Gaya. Yaranmu da sunka wuce ƙaramar lakwal da yawa can suke, an ajiye su gidajen dangi don babu abin da zai kai su da safe ya maido su da marece. Akwai magina da leburori da mata masu ƙaramin talla da ke bin hanyar nan kusan kowace rana. Kuɗin da duk waɗanga mutane ke biya a shekara, in an tara shi wuri ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu yana fita daga gari ne, ba ya komowa.

Shekarun baya kuma sun koya muna darasi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta 2019 har Disamba 2020, hanyar Kamba ta yi sanyi. A watan Mayu 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur, man kwalba da ke shigo muna da araha ya yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya bi shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, anka rufe gadar Gaya da Malanbil, jama'a sunka koma ƙetare kogi da jiragen ruwa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefe, Nijar ta bar nata a rufe. Duk waɗanga abubuwa an yanke su nesa da mu, ba wanda ya tambayi manomin Tanda. Jirgin ƙasa ma da anka yi ta zancen shi, an shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, bai iso Gaya ba. Iyaka ba hannunmu take ba, farashin mai ba hannunmu yake ba. Amma ɗan tsakanin nan daga ƙofar gidanmu zuwa kasuwar Gaya, wannan muna iya riƙe shi.

To, ga masu cewa an gwada. Tsofaffinmu sun tuna UNCC, hukumar bashi da haɗin kai da anka kafa a 1962. Sun tuna awon gyaɗa da auduga, da bashin iri da taki, da bashin shanun huɗa da amalanke irin waɗanda ake ƙerawa a CDARMA ta Doso. An yi abubuwan kirki, kada mu yi butulci. Amalanken nan har yau shi ke ɗauko muna dammunan gero daga gona. Amma ƙungiyoyin wancan zamani daga sama anka sauko da su. Ma'aikaci ne ke riƙe da littafi, manomi ya ɗangwala yatsa. Kuɗin na gwamnati ne, shi ya sa mutane sunka ɗauke shi kamar dukiyar da ba ta da mai ita. Bashi ya taru ba a biya ba, asusun bashin manoma, CNCA, ya durƙushe cikin shekarun 1980, UNCC kuma anka rushe ta a 1984. A ganina ba haɗin kai ne ya kasa ba. An ce ma mutane abin naku ne, alhali ba su sa ko dala ciki ba, ba su kuma da ikon korar wanda ya ci amana.

Ku dubi mata kuma. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Ba a ba su jari ba. Mata ashirin da wani abu ko talatin su zauna kowane mako, kowacce ta zuba abin da anka shirya, a sa cikin akwati mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, a ƙirga kuɗi gaban kowa, a ba da rance gaban kowa, ƙarshen zagaye a raba. Da yawansu ba su yi lakwal ba. Amma dabarar ta tsaya da ƙafarta, ta bazu cikin Nijar, ta ƙetare zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. Abin da ya riƙe ta shi ne kuɗin nasu ne, kuma ido yana kan akwati. In za a kafa ƙungiyar mota a Tanda, ni dai na ce a je a zauna gaban matan nan a koyi aiki, kuma a ba ɗayarsu riƙon asusu. Maza kada ku ji haushi.

A wasu ƙasashe ma an bi hanyar ƙungiya wajen sufuri. A Dakar ta Senegal, masu tsofaffin motocin haya sun haɗu ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin AFTU, daga 2005 sunka soma karɓar ƙananan bas na Tata bisa bashi, da taimakon Bankin Duniya, sama da 500 a zagayen farko. Kowa ya zuba kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin daga aljihunsa kafin a ba shi mota, anka kuma sa tikiti da wuraren tsayawa. A Kenya, ƙarshen 2010 gwamnati ta tilasta ma masu motocin haya da suke kira matatu su shiga ƙungiyoyin haɗin kai ko kamfani. Amma ku lura, can masu motoci ne sunka haɗu, don amfanin masu motoci. Abin da nike kira gare shi a nan, masu hawa ne za su mallaki abin hawan. Abu biyu za mu ara wurin mutanen Dakar: zuba kuɗin kai tun farko, da tikiti.

Doka ba ta hana mu ba. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, kuma dokar ƙungiyoyin haɗin kai da anka amince da ita a Lome ran 15 ga Disamba 2010 ta yarda mutum biyar su kafa ƙaramar ƙungiya, wadda ake kira SCOOPS. Ana zaɓen kwamitin gudanarwa, ana zaɓen wani kwamiti dabam mai sa ido a kansa, kuma a taro mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko hannun jari nawa ya saya. Wannan na ƙarshe shi ne kariyar talaka. Alhaji mai hannu hamsin da bazawara mai hannu ɗaya, muryarsu ɗaya ce ranar zaɓe.

Mu yi lissafi na misali. In mutum 200 kowa ya sayi hannu ɗaya na jika 10, an sami miliyan 2 na sefa. In mutum 500 ne, miliyan 5. Ƙungiyoyin shinkafa, da na mata, da na masunta suna iya sayen hannu da sunan ƙungiya. Ƴaƴanmu da ke cin rani a Kwatano, da Legas, da Yamai, a aika musu, don iyayensu ne za su hau. Shawarata ita ce kada a soma da babbar mota, kada kuma a soma da bashi. A soma da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda makanikan Gaya sun san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna kasuwa. Ya yi shekara guda yana kai buhuna. In littafi ya fito fari, jama'a da kansu za su kawo kuɗin motar mutane. In ya fito baƙi, asarar ba ta kashe gari ba.

Yanzu ga wurin da irin waɗanga motoci ke mutuwa, kuma a nan nike so mu daɗe. Ba hatsari ke kashe motar gari ba, kunya ke kashe ta. Ran nan a ce surukin shugaba zai je biki, a ba shi mota. Gobe a ce wani babba zai hau, ai ba a karɓar kuɗinsa. Jibi direba, wanda ɗan wan ma'aji ne, ya kawo rabin ciniki, a rasa mai buɗe baki don gudun ɓata zumunci. Kuɗin da ya shigo a kashe shi ranar, sai ran da taya ta fashe ko inji ya buga a tarar akwati wayam. Motar ta kwanta gindin bedi, awaki su riƙa kwana ƙarƙashinta. Duk wanda ya yi yawo cikin ƙauyukan ƙasar nan ya ga irin wagga gawa, ta mota, ko ta injin niƙa, ko ta famfo.

Maganin sai an rubuta shi tun kafin a sayi ko ƙusa. Kowa ya biya, har mai gari, har liman, har shugaban ƙungiya, kuma su ya kamata su fara biya gaban jama'a don a gani. Ba a karɓar kuɗi sai da tikiti mai lamba, wanda ya yanka tikiti dabam, direba dabam. Direba ɗan albashi ne, mai lasisi, kuma kada ya zama ɗan gidan wani cikin kwamiti, don a iya sallamarsa ba tare da an raba gari biyu ba. Cinikin kowace rana a kasa shi uku: na mai da albashi, na gyara da inshora da takardun mota, da na ajiya don sayen sabuwa ran da wagga ta tsufa. Kason nan na uku shi ne mutane ke mantawa. Mota tana cin kanta kullum, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba. Kowane wata a karanta lissafi a fili, da Hausa, da Dandanci, da Fulatanci, don kada wani ya ce ba a faɗa da bakinsa ba. Marar lafiya na dare da mace mai naƙuda, a ware musu ɗan asusu na musamman tun farko, a san wanda zai biya man, kada tausayi ya zama ƙofar da kowa zai bi.

Sai batun lokaci. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, shi ya sa mutum ke asarar yini guda don tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Motar ƙungiya ta tashi bayan sallar asuba, ta komo bayan la'asar, ko da mutum biyar ne ciki. Makon farko za a yi asara, kada a firgita. In mutane sunka tabbata tana tashi kan lokaci, za su shirya tafiyarsu a kanta, mai kifi ya san sa'ar da zai fito da kifinsa daga ruwa.

Akwai masu tsoro don samarinmu ƴan kabu-kabu, kuma tsoron yana da tushe, don sana'ar nan tana ciyar da gidaje da yawa. Amma motar ƙungiya babbar hanya za ta bi, wadda ta taso daga Margu ta ratsa Falmai ta sauka Gaya. Ba za ta shiga tungayen bakin ruwa ba, ba za ta bi sawun gona da damina ba. Wa zai kawo mutane da kaya bakin hanya? Su ne. A kira su taron farko, a sayar musu da hannun jari. Haka nan direbobin tasha da sandikarsu, a je a gaishe su, a biya abin da ake biya na tasha, kada a shiga musu da faɗa. A kuma sanar da hukumar gari da sarakuna, su sa albarka, su shaida, amma kada a ba su mabuɗi.

Lokacin tara kuɗin shi ne yanzu da shinkafa ke hannu, kafin bukukuwa su cinye ta. Masu sauraren rediyo na kowane gari su zauna su yi muhawara a kan wanga batu, su ƙirga mutum nawa ke zuwa Gaya daga garinsu cikin mako guda da buhu nawa ke fita, su rubuta, su aiko muna. Wanda bai yarda da ra'ayina ba shi ma ya aiko da nasa, za a karanta shi a shirin manoma.